Ranar da Na Ce Ni Ne Incaj

'Ya'yana, na san labarin da kuka taso kuna ji a gari. An ce wata rana jami'an tsaro sun tsaya a rumfata ta cajin waya, babbansu ya yi tambaya da Turanci, ni kuma da ba na jin Turanci na tsinci kalma ɗaya a ciki, wato caji, na zaci mai cajin waya ake nema, na miƙe da fara'a kamar an kawo mini ciniki, suka tura ni mota. Har yau in na bi ta tasha akwai masu ɗaga murya su ce, "Haladu Incaj!" in ɗaga musu hannu mu yi dariya. Da gangan na bar labarin a haka, domin a wancan lokacin gara a ɗauke ni wawa da a san gaskiya. Amma yanzu ƙarfi ya tafi, sa'o'ina suna ta raguwa, kuma ba na so in koma ga Allah in bar ku da rabin magana. Na ji tambayar da aka yi mini ranar nan sarai. Na san abin da take nufi, na kuma san amsata za ta jawo mini wahala, ko da yake ban zaci za ta kai inda ta kai ba.

Kafin a haife ku na yi shekaru ina yaron mota a manyan motocin da ke kai shanu kudu. A can na koyi Turancin hanya, na shingen bincike da na tasha. Kalmar nan da suke rubutawa charge, mu muke cewa caji, na daɗe da sanin ba fuska ɗaya gare ta ba. In ɗan sanda ya tare mota ya ce wane ne incaj, ba mai batir yake nema ba, yana neman wanda zai ɗauki nauyin duk abin da ke cikin motar ne, shi ya sa direba kan yi shiru ya ga ko wani zai riga shi magana. In bakanike ya ce zai caje ka, ladan aikinsa yake nufi. In aka ce an caje kayanka, an zazzage su an bincika. In kuma aka nuna maka wani matashi aka ce ya yi caji, to ya sha abin da ya sha, sai ka kauce masa. Duk na san waɗannan. Sai dai da na bar hanya na dawo Wudil na kafa rumfa, kalmar ta koma mini abu guda, tuwon gidana.

Rumfar tana bakin hanyar da ke shiga kara, inda ake cinikin shanu. Katako ne na kafa na jera masa soket, da ƙaramin janareta a baya. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, ba ka samun wurin sa ƙafa. Mutanen Kausani da Ɗankaza da Achika kowa ya zo da wayarsa da ta maƙwabcinsa, ga Fulani, ga masunta daga bakin gada, ga ɗaliban jami'a in wuta ta daɗe ba ta zo ba. Duk wanda ya kawo waya sai a ba shi ɗan kati mai lamba, a manna irinta a bayan wayar. Mu biyu ne a wurin, ni da Baffanku Isiyaku, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya. Ba aiki mai nauyi yake yi ba, domin tun yana goye yake fama da asma. Na girma ina jin ƙirjinsa yana fito kamar usur, Innarmu tana yi masa fifita tana salati. Hayaƙin janareta ba ya yi masa, saboda haka a kan benci yake zama a waje, yana karɓar waya yana ba da kati. A shekarar nan matarsa Balaraba tana da ciki, na farko, bayan sun daɗe suna jira har mutane sun daina tambaya.

Wata Juma'a na tafi jana'iza Kausani na bar shi shi kaɗai. A ranar wani mutum ya kawo babbar waya, irin mai tsadar nan ta shafawa, ya karɓi kati, bai dawo ba. Wannan ba baƙon abu ba ne, mutum kan sayar da saniyarsa ya hau mota ya manta, sai wata kasuwar ya zo. Muka ajiye ta a akwati. Kasuwa ta ci, wata ta ci, shiru. Isiyaku mutum ne da ba ya iya kwana da kayan wani, sai ya ɗauko ta ya kunna ko zai ga lambar wani ɗan uwan mai ita. Ya tarar a kulle take. Ya bar ta a kunne, ya ce ko mai ita zai kira. Da ya gaya mini na ce ya kyauta.

Da hantsi suka zo, ranar da ba ta kasuwa ba. Ina ciki ina haɗa wata caja da ta tsinke, Isiyaku yana kan bencinsa da kofin koko. Farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya daidai bakin rumfa. Waɗanda suka sauko ba su sa kayan sarki ba, amma da bindigogi a hannunsu, kuma kafin ka ce me, mai shayi da mai faci da ke kusa da mu duk sun ja baya. Babbansu, wani dogo mai tabarau, bai yi sallama ba. Ya danna wayar da ke hannunsa ya tsaya yana saurare. Sai na ji ruri daga cikin akwatinmu. Ban taɓa jin muryar wayar nan ba sai ranar. Suka caje rumfar kaf, suka caje aljihuna, suka ɗauko wayar da ƙyalle suka sa a leda. Sannan dogon ya dube mu ya yi tambayarsa da Turanci, wane ne incaj a nan.

Na dubi Isiyaku. Leɓensa ya yi fari, ƙirjinsa ya fara fiton nan da na sani, ya ajiye kofin ya dafa benci zai miƙe. Na taɓa kwana a caji ofis sau ɗaya a kudu, kan rigimar takardun mota, na san yadda iska take a ciki. Ban yi wani dogon tunani ba, na dai riga shi.

"Ni ne. Rumfata ce."

Wani daga cikinsu ya matso ya tambaye ni da Hausa, a hankali, yadda na nesa ba za su ji ba.

"Wa ya karɓi wayar nan?"

"Ni na karɓa."

"Wa ya kunna ta?"

"Ni."

"Wancan fa?"

"Ƙanena ne, ba shi da lafiya, iska yake sha a nan. Bai san komai a harkar ba."

Isiyaku ya ce, "Yaya..."

Na daka masa tsawar da ban taɓa yi masa ba. "Tashi ka tafi gida! Ka gaya wa Inna an kira ni tambaya, yanzu zan dawo."

Ba a Wudil suka ajiye ni ba, birni aka wuce da ni, wani ofishi da ba zan faɗi sunansa ba. A can na ji labarin mai wayar. Wani dillalin shanu ne, an tare shi a hanya an tafi da shi daji, iyalinsa sun kai abin da aka nema, amma gawarsa aka tsinta. Ina tsammanin maganar wayar sata ce, in yi rantsuwa a kawo shaidu a sake ni. Ashe maganar rai ce. Kuma na riga na ce ni na karɓa. Suka ce in kwatanta wanda ya kawo ta. Ban taɓa ganinsa ba, abin da Isiyaku ya gaya mini a cikin hira kawai nake da shi: siriri, da hular sanyi, da tabo a gefen baki. Na faɗa. Bayan kwanaki suka sake tambayata, suka kuma sakewa, kowane karo wani mutum daban, ni kuma ina ta maimaitawa a zuciyata kada tabon ya koma ɗaya gefen. Ba zan rubuta duk abin da ya faru a ɗakin tambayoyin nan ba. Abin da ya fi dukan ciwo shi ne tsoron kada wani ya tuna na je jana'iza, ko a tambayi mai shayi wa ke zama a bakin rumfa ranar Juma'a. Ga kuma tsoron Allah, don na san ƙarya nake yi, kullum ina istigfari ina sake yin ta.

Ɗakin da aka kulle mu bai fi ɗakin girkin gidan nan ba, mutane kuwa sai an yi layi kafin a kwanta. Taga ɗaya ce can sama. Bango yana gumi. Akwai wani bawan Allah mai ciwon ƙirji a kusa da ni, muna ɗaga shi sama kusa da tagar mu riƙe shi har hannu ya gaji, wasu su karɓa. Wata safiya aka fitar da shi a kan bargo, ban sake jin labarinsa ba. Tun daga ranar na daina tambayar kaina ko na yi daidai. Wani lokacin kuma sai a buɗe ƙofa a kira suna, mutum ya fita, ba ya dawowa, ba wanda ya san gida aka kai shi ko kotu ko wani wurin. Duk sanda makulli ya yi ƙara sai ɗakin ya yi tsit, kowa yana so a kira shi, kowa kuma yana tsoron a kira shi.

Akwai wani dattijo a ciki, tsohon direban tanka, kowa Baba Direba yake ce masa. Shi ya fara tambayata, "Kai, an caje ka kuwa?"

Na ce, "Tun a rumfa, har aljihu."

Ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "Ba wannan cajin ba. A rubuta laifinka a takarda a karanta maka gaban alƙali. Shi nake nufi."

"Allah ya kiyaye," na ce.

Ya dube ni kawai ya kau da kai. A lokacin ban gane kallon ba.

Ummanku Hajara ta sha wuya kafin a bar ta ta gan ni. Ta zo da dambu a kwano, aka caccaka shi da cokali kafin a miƙo mini. Ta rame, idonta ya faɗa. Ita ta san ina Kausani ranar, domin ita ta wanke mini rigar da na sa. Muka gaisa kamar a gida, ta tambayi jiki na tambayi yara, sannan ta sunkuyar da kai ta yi ƙasa da murya.

"Malam, har yaushe?"

"Sai yadda Allah ya yi."

"Kalma ɗaya ce fa. Isiyaku ma bai yi komai ba, in ya faɗi gaskiya za su gane."

"Ni da na faɗi tawa sun gane?"

"Kai ba gaskiyar ka faɗa ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Kana da 'ya'ya, Malam. Shi ƙaninka ne, su fa? Su waye?"

Ta gaya mini Isiyaku ya daina cin abinci, har sau biyu yana shiga mota zai zo ya miƙa kansa, Inna tana bin sa tasha tana riƙe masa riga tana cewa an ɗauke mata ɗaya, ba za ta ba da na biyu da hannunta ba. Nan hankalina ya tashi fiye da ko yaushe. Na ce wa Hajara ta gaya masa da bakina: in ya zo ba sakina za a yi ba. Za a ce na yi ƙarya don in ɓoye shi, kuma ba a ɓoye mutum sai da dalili, sai a haɗa mu biyu a ce ƙungiya ce. Ƙofar da na shiga ta rufe a bayana, ta kuma rufe masa. Na ce in ya taka ƙafarsa wurin nan ban yafe masa ba duniya da lahira. Ban taɓa furta wa wani mahaluki wannan kalma ba sai shi. Hajara ta ɗauki kwanonta ta tafi ba ta ce mini sai an jima ba.

Wani malamin jami'a da ke kawo kwamfutarsa caji a rumfata shi ya ji labari ya samo mana lauya, wata mata mai ƙaramin jiki da kaifin magana, Barista muke ce mata. Ranar da ta fara zuwa ta buɗe fayil ta ce, "Baba, na duba. Babu caji a kanka ko ɗaya."

Na ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi!"

Ba ta yi murmushi ba. "Tsaya, Baba. Ba abin murna ba ne. In babu caji, babu kotu. In babu kotu, babu alƙalin da zan roƙa beli, babu ranar da za a ce ka zo ka kare kanka. Kana nan ne kawai, kamar kayan da aka ajiye aka manta. Aikina na farko shi ne in tilasta a caje ka."

Sai na tuna kallon Baba Direba. Da na koma na tambaye shi tun yaushe yake ciki. Ya ce ya bar matarsa da jariri, an ce masa yanzu yaron yana gudu. Ba a taɓa cajinsa ba. Daga ranar, ni Haladu da na ce Allah ya kiyaye, na koma ina roƙon Allah a kowace sujada ya sa a caje ni. Mutum ya ɗaga hannu yana roƙon a tuhume shi da laifin da bai yi ba, kuma da gaske yake, har da hawaye. In wani ya ba ni wannan labari a da, da na ce ya yi caji.

Damina ta kusa ƙarewa aka kai ni kotu. Aka karanto cajin da Turanci, tafinta ya juya mini: karɓar kayan da aka samo ta hanyar fashi, da taimaka wa waɗanda suka yi kisa. Da na ji na biyun sai da na riƙe katakon da ke gabana. Aka ƙi ba da beli, aka kai ni gidan yari jiran shari'a. Can aƙalla akwai tsakar gida, ana ganin sama. Amma can ne kuma na ga ɓangaren waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, kuma wani ya nuna mini shi da haɓa ya ce masu irin cajina can suke ƙarewa. Aka yi ta ɗaga shari'a. Yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe ba a kawo shaida ba, jibi babu motar da za ta kai mu. A tsakanin nan Balaraba ta haihu, mace, aka aiko mini da goron suna a ƙulle a leda. A tsakanin nan ne kuma kai ɗana Nasiru ka ajiye karatunka ka koma lodi a kara don a ci abinci a gidan nan, ba ka kuwa sake komawa aji ba. Ban manta ba. Ni na yanke shawarar, kai ka biya wani kaso nata ba tare da an tambaye ka ba. In akwai wanda za ka riƙe a zuciya a kan wannan, ga ni, tun ina da rai.

Ranar ƙarshe ban san ita ce ta ƙarshe ba. Barista ta yi magana mai tsawo, ta kawo masu shaida daga kasuwa suka faɗi yadda sana'ar caji take, cewa duk wanda ya miƙo waya karɓa ake yi, ba a tambayar inda ya samo ta. Ɗaya ɓangaren ba su kawo kowa ba. Alƙali ya yi ta rubutu, sannan ya ɗago ya yi magana, a ƙarshenta na ji ya ce discaj. Kunnena bai kama farkon kalmar ba, caj ɗin kawai na ji. Na ce shi ke nan, an ƙara mini wani. Duhu ya rufe mini ido, na zame a cikin akwatin da ake tsayar da wanda ake tuhuma. Sai na ji tafinta yana girgiza ni.

"Baba, tashi. An sallame ka. Discaj, irin na asibiti. Gida za ka."

A bakin kotu ina ta yi wa Barista godiya, sai ta ja ni gefe. Ta ce akwai abin da dole ta gaya mini. Sallama daban, wankewa daban. An sallame ni ne don ba a kawo hujja ba, ba a ce ban yi ba. In wata rana suka samu wani abu, suna iya dawowa su sake cajina. Ta ce da wuya, amma kada in yi nisa, kada in canza gida ba ta sani ba.

Wannan maganar ita na shigo da ita Wudil, ita ce kuma ba wanda ya gani. Mutane sun ga an yi sauka an raba waina. Ba su ga cewa na kasa komawa rumfa ba. Na sayar da janareta na koma gonarmu ta Kausani, don a gona kana hango mai zuwa tun daga nesa. In farar mota ta rage gudu a kan titi sai in tsinci kaina a cikin dawa a tsugune. In wani yaro ya ce, "Baba, ina caja?" sai gabana ya faɗi kafin in gane abin da yake nema. A lokacin ne labarin rashin jin Turancina ya bazu, na kuwa taya shi bazuwa, don muddin ana dariya ba mai tambayar wa ke zaune a kan benci. Isiyaku kuma ya kasa haɗa ido da ni. In na shigo ɗaki ya fita, in aka ajiye mana kwano ɗaya ya ce ya ƙoshi. Ummanku ba ta amsa gaisuwarsa sai da ƙyar. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma Achika wurin dangin matarsa, mutane suka ce ya gudu ya bar ɗan uwansa da wahala, ku ma kuka ji kuka riƙe.

Ga abin da ba ku gani ba, don kuna makaranta Nasiru kuma yana kara. Bayan kamar shekara biyu Inna ta kwanta ciwo, Isiyaku ya zo dubiya. Muna ɗakinta da la'asar, ni a bakin gado shi a bakin ƙofa, sai muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Hajara ta leƙa ta dawo ta gaya mana.

"Farar mota ce. Wani mutum yana tambaya ko nan ne gidan Haladu mai caji."

Zan so in ce muku na miƙe na fita. Ban fita ba. Ni da na tsaya gaban bindiga na ce ni ne, ranar nan ban san sanda na shige bayan ƙyauren ɗakin Inna na manne da bango ba, ina jin warin ɗakin nan mai taga ɗaya a hancina. Abin da na iya yi a karon farko na yi shi ne don ban san abin da ke can ba. Yanzu na sani.

Isiyaku ya dube ni a inda nake. Rabon da ya dube ni ido cikin ido tun ranar rumfa. Ya cire agogonsa ya ajiye a gefen Inna, ya ciro abin shaƙarsa na asma daga aljihu ya duba, ya mayar. Inna ta miƙo hannu ta kama bakin rigarsa, ya tsuguna ya zare yatsunta ɗaya bayan ɗaya a hankali. Ya fita. Daga bayan ƙyaure ina jin muryarsa a zaure, tana yankewa saboda numfashi, tun kafin baƙon ya gama sallama.

"Ni kuke nema. Ni na karɓi wayar, ni na kunna ta. Yayana ba ya nan ranar, yana jana'iza. Duk abin da ya faɗa don ni ya faɗa. Mu tafi."

Sannan baƙon ya ce, "Bawan Allah, ni ba jami'i ba ne. Ni ɗan marigayin ne, mai wayar."

Ya ce an kama mutanen da suka kashe mahaifinsa a wata jiha kan wani laifin, ɗaya daga cikinsu ya faɗi komai, har da yadda ya ajiye wayar a wata rumfar caji ranar kasuwa ya ga jami'ai a tasha ya tsorata ya gudu. Ya ce tun da ya ji haka yake neman gidan mutumin da aka tsare a banza kan maganar mahaifinsa, don ya nemi gafara a madadin gidansu. Ya zo da buhun shinkafa a bayan motar.

Ban ji ƙarshen maganarsa ba, sai ƙarar faɗuwa. Na fito a guje na tarar da Isiyaku a ƙasa, bakinsa a buɗe yana neman iska, abin shaƙar ya gangara ƙarƙashin tabarma. Hajara ce ta riga ni kaiwa gare shi. Ta tallafe kansa, ta lalubo abin ta sa masa a baki, tana kuka tana faɗa.

"Ja, Isiyaku, ja! Don Allah ja! Wa ya aike ka? Wa ya ce ka fita?"

A farar motar nan aka kai shi asibiti. Ni ne a baya, kansa a kan cinyata, muna tsallaka gada ina ƙirga numfashinsa da tafin hannuna. Da ya ɗan samu kansa ya buɗe ido, maganar farko da ya yi ita ce, "Yaya, ka janye?" Ban gane ba sai da ya maimaita. Kalmar da na aika masa daga tsare yake nufi, cewa ban yafe ba. Ni na manta na faɗe ta. Shi kuwa duk shekarun nan da ita yake kwana.

Na ce, "Na janye, Isiyaku. Na janye."

Ya rufe ido, ya riƙe babban yatsana, bai sake shi ba har aka zo da keken marasa lafiya.